Wai rikicin gida ma sai an yi masa opera?

Ranar Asabar da daddare muna wurin mai shayi, wani abokina ya miƙo mini wayarsa yana ta ƙyalƙyala dariya. Guntun bidiyo ne daga Amurka. Wata baƙar mace ce tsaye a dandali tana rera waƙa da irin muryar nan mai cika ɗaki, makaɗa na biye da ita da goge-gogensu na Turawa.

"Ka san a kan me take wannan kururuwar?" in ji shi. "Wai filin gado da bashin banki. Mutumina, ƙoshi ne ke damun mutanen nan. Mu nan kuɗin haya ke hana mu barci, su can sun mai da shi wasa har ana yankar tikiti."

Kowa ya yi dariya, har da ni. Sai da na kwanta maganar ta dawo ta tsaya mini a rai, domin na san wasan, na kuma san dariyar tamu ba ta da tushe.

Matsayina shi ne mai tsara kiɗan nan ya yi daidai. Cutar da aka yi wa baƙaƙen fatar Amurka a harkar gida da fili, da biro da takarda aka yi ta, a cikin ofis, ba ihu ba jini. Irin wannan cuta ba ta shiga ran wanda ba a yi wa ba, sai an zaunar da shi an sa ya ji ta a bakin mutum. Doguwar waƙa na cikin 'yan abubuwan da ke iya yin hakan.

Wasan da masu shi

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera shi daga farko har ƙarshe, ga makaɗa masu yawa a ƙasan dandali. Wanda ake magana a kai sunansa Castor and Patience. Gregory Spears ne ya tsara kiɗan, Tracy K. Smith ta rubuta baitocin. Ita baƙar fata ce, ta ci babbar kyautar adabi ta Pulitzer a 2012, ta kuma riƙe kujerar babbar marubuciyar waƙoƙin ƙasar daga 2017 zuwa 2019. Gidan opera na birnin Cincinnati ne ya ba su aikin, da nufin a nuna shi a 2020 lokacin cikarsa shekara 100. Korona ta zo ta rufe ko'ina, sai a watan Yulin 2022 wasan ya hau dandali.

Kafin su rubuta komai sai da suka yi ta zuwa gaɓar tekun kudu, yankin Jojiya, suna zaga tsofaffin gandayen bayi, suna zama da jikokin mutanen da suka noma su.

Labarin gajere ne. A 2008, shekarar da bashin gidaje ya durƙusar da tattalin arzikin Amurka, Castor ya taso daga birnin Buffalo a arewa, bashi ya yi masa katutu, gidansa na gab da suɓucewa. Ya nufi wani tsibiri a kudu wurin 'yar uwarsa Patience, wadda ke riƙe da filin da suka gada tare. Shi yana son a sayar a ba shi kasonsa. Ita kuma ta san yadda kakanni suka samu filin, ta san yadda na maƙwabta ya tafi.

Duk wanda ya taɓa zaman rabon gado ya san wannan ɗakin, ya san irin shirun da ake yi a cikinsa.

Zaluncin da ba shi da hoto

Duniya ta ga karnukan 'yan sanda a kan masu zanga-zanga a Birmingham a 1963. Ta ga gwiwar ɗan sanda a wuyan George Floyd a 2020. Gani ya kori ji, shi ya sa aka fusata.

To wa ya taɓa ganin hoton ma'aikacin banki yana mayar wa mutum takardarsa?

A shekarun 1930 wata hukumar gwamnatin tarayya ta zana taswirar birane sama da 200, ta raba unguwanni launi huɗu: kore, shuɗi, rawaya, ja. Ja na nufin haɗari ga mai ba da bashi, kuma unguwannin baƙaƙe kusan duk ja aka shafa musu. Hukumar da aka kafa a 1934 don tsaya wa masu karɓar bashin gida ita ma ta bi wannan tunani. Farar fata ya samu bashi mai sauƙi na shekaru masu yawa, ya mallaki gida a sabuwar unguwa. Baƙin da suke aiki a masana'anta ɗaya, albashi ɗaya, aka ce masa a'a.

Bayan wannan akwai sharaɗin da ake rubutawa a takardar gidan kanta, cewa ba za a sayar wa baƙar fata ba, ba za a ba shi haya ba. Sai a 1948, a shari'ar iyalin Shelley na birnin St. Louis, Kotun Ƙoli ta ce kotuna su daina tilasta wannan sharaɗi. Rubuta shi kuwa ba ta hana ba, aka ci gaba da rubutawa.

A Chicago dillalai suka samu kasuwa. Tun da banki ba zai ba baƙi bashi ba, dillali zai sayi gida da arha, ya ninka kuɗin, ya ce a riƙa biyansa wata-wata. Takardar mallaka tana hannunsa har sai an gama biya. Ka yi shekaru kana biya, ka tsallake wata ɗaya, a watso maka kaya waje, duk abin da ka biya ya bi ruwa, gobe a sa wani.

Ka faɗa wa mutum wannan a jarida, zai gyaɗa kai ya wuce shafin wasanni. Amma ka sa magidanci ya tsaya gabansa yana jan kalma ɗaya har numfashinsa ya kusa ƙarewa, yana neman yadda zai gaya wa matarsa gidan ya tafi, to ya shiga cikin zancen ke nan. Abin da abokina ya kira kururuwa, jinkiri ne da gangan. Waƙar tana hana ka wucewa da sauri a wurin da ka saba wucewa da sauri.

"Ai an wuce wurin tun 1968"

Wannan ce hujjar farko da ake kawowa, kuma da ɗan gaskiyarta. Ranar 11 ga Afrilun 1968, mako guda bayan kisan Martin Luther King, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta haramta wariya wajen sayarwa da hayar gida.

Sai dai gida ba riga ba ce da za a ce ta tsufa a jefar. Wanda ya saya a 1950 ya bar wa 'ya'yansa, su suka jinginar suka yi karatu, jikoki suka samu na kafin alƙalami a nasu gidan. Wanda aka hana kuwa rasiɗin haya ya bari. Doka ta buɗe ƙofa, amma ba ta mayar wa kowa shekarun da aka cinye masa ba.

Shi ya sa har yau wajen kashi 74 cikin 100 na iyalan fararen fata ke zaune a gidan kansu, baƙaƙe kuwa wajen kashi 45. Binciken babban bankin ƙasar na 2022 ya nuna dukiyar matsakaicin iyalin farar fata ta kai dala 285,000, ta baƙar fata ba ta cika dala 45,000 ba.

Kuma ba a daina ba, salo aka sauya. Unguwannin da aka hana bashi jiya, su aka bi da bashi mai tsada kafin 2008. A 2011 kamfanin ba da bashin gida na Countrywide ya amince a biya dala miliyan 335 kan zargin ya caji baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka fiye da fararen da ke daidai da su. A 2012 bankin Wells Fargo ya amince da dala miliyan 175 kan irin wannan zargi. Castor daga cikin irin waɗannan mutane aka ciro shi.

Filin Patience

Nan ne wasan ya fi burge ni, domin ya taɓo abin da ko Amurkawan ma da yawa ba su sani ba.

A watan Janairun 1865, yaƙin basasa na dab da ƙarewa, Janar Sherman ya ba da umarnin a raba wa bayin da aka 'yanta filayen gaɓar teku, kowane iyali har eka 40. Shekarar ba ta ƙare ba Shugaba Andrew Johnson ya soke, aka mayar wa tsofaffin iyayen giji. Duk da haka mutanen nan suka yi ta tara kwabo da kwabo suna saye da guminsu. Zuwa 1910 manoma baƙaƙe sun mallaki wajen eka miliyan 15. Kafin ƙarnin ya ƙare mafi yawanta ta fita daga hannunsu.

Wata ta tafi da barazana da bindiga. Wata kuwa ta tafi ta hanyar da ba ka zata ba. Tsofaffin ba su yarda da kotun farar fata ba, kuma suna da dalili, don haka da yawa suka rasu ba wasiyya. Sai filin ya zama na magada duka a dunƙule. 'Ya'ya takwas suka zama jikoki arba'in, suka zama tattaɓa-kunne ɗari, wasu a New York, wasu ba su taɓa taka wurin ba.

A dokar jihohi da yawa, mai kaso ko ɗan ƙanƙani ne yana iya zuwa kotu ya ce a raba, in ba ya rabuwa a sayar duka. To sai mai kuɗi ya nemo wani jika da ke cikin matsi a birni, ya sayi kasonsa da 'yan daloli. Yanzu shi ma magaji ne. Ya shiga kotu, a yi gwanjon filin gaba ɗaya, shi ne kuma mai kuɗin saye. Tsohuwar da aka haifa a wurin, wadda ke biyan harajinsa shekara da shekaru, sai ta ga takarda a ƙofa.

Tsibirin Hilton Head misali ne. Mutanen Gullah ne mazaunansa, jikokin 'yan Afirka ta Yamma da aka kai yankin noman shinkafa da auduga. Aka gina gada a 1956, masu gina wuraren shaƙatawa suka shigo. Yau filayen golf ne da unguwanni masu get da maigadi.

Abin da na yaba wa Spears da Smith shi ne ba su sa azzalumin a tsakiyar dandali ba. Da sun kawo wani ƙaton farar fata mai sigari yana dariyar mugunta, da kowa ya yi tafi ya tafi gida da zuciya fara. Sai suka bar 'yan uwa biyu suna fuskantar juna, kowa da gaskiyarsa. Ai haka abin yake faruwa. Wanda ya haƙa ramin ba ya nan lokacin da ake faɗawa, dangi ne ke cin kwalar juna.

"Wasan masu kuɗi ne"

Wannan kam ba ƙarya. Opera tana da tsada, masu kallonta yawanci farare ne, masu hali, masu shekaru. Tarihinta da baƙaƙe ma ba abin alfahari ba ne. Babban gidan opera na Metropolitan a New York an buɗe shi a 1883. Sai a 1955 ya bar baƙar mace, Marian Anderson, ta rera babban matsayi a dandalinsa. Aikin baƙin mai tsara kiɗa kuwa sai a 2021 ya fara nunawa, na Terence Blanchard, bayan shekara 138. Anthony Davis ya yi wasansa kan Malcolm X tun 1986, bai shiga wannan gida ba sai 2023.

Amma ni wannan hujjar a wurina juyawa take yi. Wa ya fi buƙatar jin labarin? Matar da aka yi wa gwanjon fili ba ta neman a rera mata, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda bai sani ba shi ne lauyan da ke kujerar gaba, da shugaban banki, da mai kamfanin gine-gine, da dattijuwar da ta gaji gida a unguwar da aka shafa wa kore, tana ganin ƙoƙarin mahaifinta ne kaɗai. Waɗannan ba za su je taron masu fafutuka ba. Opera kuwa da kuɗinsu suke zuwa, su zauna cikin duhu, ba waya, ba tashi.

Mu ma mun san wannan dabara. Maroƙi na iya faɗa wa sarki a cikin kiɗa abin da waziri ba zai iya faɗa a zaure ba. Kuma mai kuntigin da ya ɗauki karen mota da ɗan dako ya yi musu waƙa, ba wanda ya ce masa ƙoshi ne. Don me namu zai zama hikima, na wasu ya zama abin dariya?

Inda zan ba abokina gaskiya shi ne, akwai masu zuwa irin wannan wasa don su wanke kansu. Su share hawaye, su ci abinci mai tsada, washegari su halarci taron unguwa su ƙi yarda a gina gidaje masu sauƙin kuɗi kusa da su. Akwai su da yawa. Laifin nasu ne, mai kiɗan ya yi nasa.

Waƙa a bakin mai ita

Spears farar fata ne. Akwai masu cewa ba huruminsa ba ne, kuma ban ɗauki maganarsu da wasa ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. In gidajen opera sun yi shekara ɗari suna rufe wa baƙaƙen masu tsara kiɗa ƙofa, sannan labarin baƙaƙe ya zo aka miƙa wa fari, dole a yi tambaya.

Abin da nake dubawa biyu ne. Kalmomin bakin wa suka fito? Na Smith ne, ita ta gina mutanen, ita ta ba su abin faɗa. Sannan ya je ya saurara, ko daga ɗakinsa ya ƙirƙiro? Ya je. Wanda ya cika waɗannan biyu ban ga dalilin korarsa ba. Wariyar gidaje ma ai ba tarihin baƙaƙe kaɗai ba ne. Fararen da suka zana taswirar, suka sa hannu a sharaɗin, suka ci ribar, nasu ne su ma. In jikansu ya ce zai duba abin da idonsa, ni ba zan riƙe masa riga ba.

Sharaɗina ɗaya ne: kada gidan opera ya yi wannan sau ɗaya ya ce ya biya bashi.

Waƙa ba ta dawo da gida

Ba ta dawowa. Wanda ya ce maka opera ta ƙwato wa wani fili, ruɗinka yake yi. Abin da ya fara rage gwanjon filayen gado wani samfurin doka ne da aka tsara a 2010, jihohi suka yi ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ba sauran magada damar su fara sayen kason mai son fita. Aikin lauyoyi ne da ƙungiyoyi, ba na makaɗa ba.

Amma ga wani abu. A ƙarshen shekarun 1930 wani baƙi mai suna Carl Hansberry ya sayi gida a unguwar farare a Chicago. 'Yan unguwa suka taru, suka jefo guntun kankare ta taga, saura kaɗan ya sami 'yarsa 'yar shekara takwas. Ya yi shari'a har Kotun Ƙoli, ya ci a 1940. Yau in ba ɗalibin lauya ba, da wuya ka sami wanda ya san hukuncin. Yarinyar nan kuwa, Lorraine, ta girma ta rubuta wasan kwaikwayo a 1959 kan iyalin da ke son ƙaura zuwa irin wannan unguwa, kuma har gobe ana karanta shi a makarantun ƙasar. Uban ya ci shari'a, 'yar ce ta hana a manta.

Ina ruwanmu?

Abokina ya yi wannan tambayar ma. Ba zan ce namu da nasu ɗaya ba ne, domin nasu ya taso daga bauta da launin fata, gwamnati kuma ta sa masa hatimi. Amma raba mutane da taswira ba baƙonmu ba ne. Turawan mulkin mallaka sun ware wa kansu unguwa, dokar 1917 ta zamanin Lugga ta sa a bar fili yadi 440 tsakaninsu da 'yan ƙasa, wai don sauro. Suka ajiye 'yan kudu a Sabon Gari, 'yan birni a cikin ganuwa. Turawa sun tafi, GRA na nan, har yau ita ke da bishiyoyi da faffaɗan titi.

Na baya-bayan nan kuma mu muka yi wa kanmu. Tun rikicin 2000 Kaduna ta rabu, kowa ya san gefen kogin da zai nemi haya gwargwadon sunansa. Ka bi dillali neman ɗaki, kafin ya faɗa maka kuɗi zai tambaye ka ɗan ina ne kai. Bazawara da 'ya'yanta ta san sau nawa aka ce mata an riga an kama, alhali ɗakin na nan a rufe. Ba wanda ya rubuta wannan a takarda, ba kuma wanda ya yi masa waƙa.

Sai kuma gidanmu. Kakanmu ya rasu ya bar gida a cikin gari, zaure biyu da sassa biyar. Shari'a ta fayyace kason kowa, amma iyayenmu suka ce raba gidan Malam abin kunya ne, a bar shi haka. Yanzu mu jikoki mun haura talatin. Bara wani mai gina shaguna ya aiko dillali, kuma bai je wurin Gwaggo da ke zaune a ciki ba, ƙanenmu da ke Legas ya nema, wanda aka sallama daga aiki.

Gwaggo ta kira ni ta ce, "Ɗan nan, kai ne mai boko. Ka gaya musu a ɗakin nan aka yanke wa ubanku cibiya."

Na ce, "To, Gwaggo, in sha Allahu."

An sa zama bayan Babbar Sallah. Ban gaya mata mai gidan da nake haya ya ƙara mini kuɗi ba, ban kuma gaya mata na riga na zauna da biro na lissafa nawa kasona zai kama ba.